Shaidar Lado Mai Goge Gilashi

Shekara goma sha ɗaya rumfata ta facin taya tana jingine da ta Lado a bakin tashar mota ta Dutse, don haka in na ce na san shi, ba a bakin mutane na ji ba. Mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Kafin Hausa. Ya yi zaman Kano wajen masu sa gilashin mota, ya koyi abin da ya koya, ya dawo da tsohon injin goge gilashi guda ɗaya, wanda aka ɗaure wayarsa da roba wuri uku. Shekarar da aka ba mu jiha ya sauka Dutse da matarsa Iyatu, suka kama ɗaki a Limawa.

Ya zo a kan gaɓa. Lokacin ko'ina aiki ake yi, tifofi na jigilar tsakuwa, duk motar da ta bi bayan tifa sai gilashinta ya yi zanzana. Ga ma'aikatan sabuwar jiha, yawancinsu iyalansu na Kano. Litinin da safe su taho suna fuskantar rana, Juma'a da yamma su koma suna fuskantarta. Gilashi mai zanzana kuwa in rana ta doke shi fari fat yake komawa, ko jaki ba ka gani a gabanka. Sabon gilashi ba na kowa ba ne, sai a zo wajen Lado.

Aikin ba shi da wani kyan gani. Ya wanke gilashi, ya dama wata hoda ja-ja, ya shafa, ya ɗora inji ya yi ta kewayawa, yana yi yana yayyafa ruwa kada gilashin ya ɗau zafi ya tsage. Awa biyu, awa uku, yana tsaye a kan benci. In ya sauke injin hannayensa ba sa daina rawa, kofin shayi ma sai ya tallafe shi da hannu biyu. Gemunsa kullum ja. Nakan ce masa ya fi kowa morewa, ga jan gemu ko lalle bai saya ba. Bai cika dariya ba, mutumin. Abin da ya tsana shi ne a ce ya ƙara gogewa bayan ya ce ya isa. Yakan ce, "In ka ci gilashi da yawa, hanya ce za ta dinga lanƙwashewa a idon direba."

Cikin direbobin tasha babu wanda Lado yake ganin girmansa kamar Bubayero, wani dattijon Bafillace mai farar bas. Shi ya fara kawo masa aiki, shi ya ja masa sauran direbobi, shi ya ɗauki Iyatu zuwa asibiti ranar da haihuwar fari ta zo mata da gardama. Baffa Lado yake ce masa. Ni Babarbare ne, ba na raga wa Bafillace, amma ko ni na san a harkar tuƙi Bubayero ba sa'an kowa ba ne. Shekara talatin bai taɓa taka ko kaza ba, ma'aikata har rububin kujera suke yi a motarsa.

A shekarar da aka ƙaddamar da shari'a Bubayero ya kawo bas ɗinsa, ya ce gilashi ya yi hazo. Lado ya goge. Bayan wata biyu ya dawo, wai har yanzu. Lado ya sake gogewa. Da ya zo karo na uku, Lado ya daɗe yana shafa gilashin da tafin hannu, sannan ya leƙo rumfata.

"Mammadu, gilashin nan ya fi na motar kwamishina haske."

"To mene ne?"

"Ɗazu na miƙa masa makulli, sai ya kai hannu gefe."

Na ce ya gaya masa gaskiya, mutum goma sha takwas yake ɗauka, ba buhunan gero ba. Ya ce, "Da wane bakin? Mutum tara ke ci a jikin sitiyarin nan." Ya koma ya hau benci, ya kunna inji, ya yi ta yawo da shi a kan gilashi da ruwa zalla, ba hoda. Na ji haushinsa ranar, na kuma ji tausayinsa, ban san wanne ya fi ba. Sau biyu bayan nan ya sake yin wannan aikin na ruwa. Duk yammacin Juma'a in bas ɗin ta tashi, sai ka ga Lado ya kasa zaune ya kasa tsaye, sai an ce ta isa Kano lafiya.

Rana dubu ta ɓarawo, in ji masu magana. Wata Juma'a, gab da faɗuwar rana, Bubayero ya daki bayan amalanke kafin a kai Wudil. Allah ya taƙaita, ba a rasa rai ba, amma sa ɗaya ya karye, wata mata a cikin fasinjoji ta samu karaya a hannu. Da shugabannin tasha suka zaunar da shi, ya ce rana ce ta haske gilashi, gilashin kuwa kowa shaida ne ya daɗe yana fama da shi.

Da hantsin Lahadi ciyaman na tasha, Alhaji Hashimu, ya zo rumfar Lado, Bubayero na biye da shi. Lokacin ba a rabuwa da wa'azin shaidar zur, a masallaci da rediyo, kowa kunnensa ya cika. Alhaji Hashimu bai yi kwana-kwana ba.

"Malam Lado, kai ka san gilashin nan. In shi ne, mu taru mu sa masa sabo, gobe ya ɗau lodi. In ba shi ba ne, ka faɗa tsakaninka da Allah."

Na ajiye tayar da nake faci. Lado ya dubi injinsa, ya dubi ƙasa, ya goge hannu a riga har sau biyu.

"Ranka ya daɗe, gilashi lafiyarsa ƙalau. Tun bara lafiyarsa ƙalau."

Can Bubayero ya laluba aljihu, ya fito da makulli, ya miƙa wajen da ya ji muryar ciyaman.

"Ni ma na sani, Lado," in ji shi. "Na zaci za ka bar min damina ɗaya."

Aka ba wani direba motar. An ce yanar ido ce ta rufe masa gani, an kai shi asibiti a Kano, ɗaya ya ɗan buɗe, ɗayan ya tafi ke nan. Tasha ba ta yar da shi ba, aka ba shi kujera a bakin ƙofa yana kiran fasinja, Kano, Kano, saura mutum biyu.

Lado ya ci gaba da aikinsa, da me zai ci in ya bari? Kafaɗa ta sage, hannu ya ƙara rawa, aiki kuma ya ja baya da gilashin gwanjo ya yawaita. Kullum da safe Bubayero kan wuce ta ɗaya gefen titi, da sandarsa, zuwa kujerarsa. Kullum Lado kan tsayar da inji ya ɗaga masa hannu. Bubayero bai taɓa ɗagowa ba.

Na gaji da gani, wata rana na ce, "Kai wane irin mutum ne? Ka ɗaga murya ka gaishe shi mana, wataƙila ba ya ganinka ne."

Ya ci gaba da dama hodarsa.

"In na kira shi ya yi shiru fa, Mammadu?"