Kwaɗon da Aka Saya Saboda Baba

Shekarar da tsutsa ta cinye mana masara a Lausu, ita ce shekarar da na shiga ajin yaƙi da jahilci, ina da furfura a gemu. A daminar nan ne kuma Baba ya fara ɓata. Sau biyu aka tsinto shi a hanyar Zurgu, yana cewa gona za shi. Yayana ya sayo kwaɗo a kasuwar Rano, ya ce in ya sake fita, ɗaki za a rufe shi.

Ana cikin haka wata malama ta zo ajinmu da ɗalibanta, daga sashen nazarin halayyar ɗan Adam na wata jami'a a Kano. Ta ce suna duba mantuwar tsofaffi, kyauta. Na roƙi Yaya ya ajiye kwaɗon sai sun ga Baba.

Tsofaffi bakwai aka tara a ƙarƙashin darbejiyar makaranta, har da Baba da limaminmu. Aka tambaye su nawa ga wata a lissafin Bature. Aka ba su fensir, wai su zana agogo. Baba bai taɓa riƙe fensir ba. Duk su bakwai suka faɗi.

Liman ya gyara rawani ya ce, "Malama, ni da izu sittin ke kaina, yau takardarki ta ce na ruɗe? To ki ja min baƙi daga inda kika ga dama."

Ta yi dariya har da rufe baki. "Allah gafarta Malam, takardar ce ta faɗi, ba ku ba."

Ba ta tafi ba. Ta zauna a bencinmu ta ce mu gaya mata abin da duk tsohon garin nan ya sani. Muka yi ta kawowa: wane wata ake ciki na Musulunci, me ake shukawa bayan ruwan farko, kwana nawa ya rage kasuwa ta ci. Bayan mako biyu suka dawo da sababbin tambayoyi. Mutum shida suka amsa daidai. Baba ya ce muna cikin azumi, alhali an yi Babbar Salla.

Malamar ta kira mu gefe, ni da Yaya. Ta ce ba hauka ba ne, ba sammu ba ne, ciwo ne na ƙwaƙwalwa, kuma ba ta da maganin da zai dawo da abin da ya tafi. Amma kulle zai ƙara firgita shi.

Yaya ya ce, "In mota ta buge shi fa, ke za ki zo jana'iza?"

Ta ce ya ba ta wata ɗaya. Ta miƙo min littafi, ta ce in rubuta duk lokacin da Baba ya nufi ƙofa da abin da ya faru kafin nan. Na ce rubutuna kamar tafiyar kaza yake. Ta ce in dai ni zan iya karanta shi, ya isa.

Layi ɗaya kan ci min rabin awa. Da wata ya cika na karanta musu, ina tuntuɓe. A nan muka ga abin da ya wuce mu: Baba ba ya tashi sai ya ga mutane sun wuce da fartanya a kafaɗa. Aiki yake bi.

Sai muka raba kwanaki. Da safe ɗayanmu ya miƙa masa fartanyarsa ya raka shi gona. Yakan nome kunya biyu, ya gaji, mu dawo, ya wuni lafiya a zaure. Yaya da kansa ya maƙala kwaɗon a ƙofar ɗakin awaki.

Har yanzu malamar da ɗalibanta suna zuwa duk ƙarshen wata, kuma gidaje da yawa na zuwa zaman da suke yi da mu, har daga ƙauyen Nariya. Ni nake nuna wa sababbi yadda ake cika littafin. Baba na nan, ƙofarsa a buɗe, yana jan Fatiha ba kuskure. Daga waccan daminar zuwa yau ya rasa lissafin watanni, ya rasa hanyar gida, ya rasa sunayen jikokinsa tara, bara kuma ya rasa nawa.