Na Kai Jirgin Malam Yanbu

Ana idar da sallar asuba muka bar unguwarmu ta Mahjar a Jidda, ni da babban ɗana da 'yata. Ita ce ke rubuta muku wannan, don ni ban taɓa riƙe alƙalami ba. Yanbu muka nufa. Tun da na fita takaba ban wuce bakin unguwa ba sai ranar. A kan cinyata akwai kwalin takalmi, a cikinsa kan ƙaramin jirgin ƙasan maigidana marigayi Malam, na naɗe shi a tsohon rawaninsa.

Waɗanda suka san gidanmu sun san ɗakin saman bene. Waɗanda ba su sani ba, bari in faɗa muku. Malam ya daɗe yana tuƙa wani injiniya, Baturen ƙasar Ailan, a tashar jiragen ruwa. Baturen nan yana da ƙananan jiragen ƙasa irin na garinsu, masu tafiya da wuta a kan siririn dogo. Da zai koma gida sai ya bar wa Malam su duka. Malam bai taɓa taka Ailan ba, amma ya gina ta a kan katako a saman benenmu: tuddai kore shar da ya yi da soso, tumaki kamar ƙwayar wake, tasha mai rufi ruwan toka. A Jidda fa, inda ciyawa sai an saya mata ruwa.

Da tsufa ya zo, sai ya sayo sabon kan jirgi daga can, mai launin lemo da baƙi. Wannan yana da ƙwaƙwalwa a cikinsa, ɗan mitsitsin abu kamar layin waya. Na da, da an saka wuta duk su ruga tare. Wannan kuwa yana da lambarsa, sai an kira shi da ita a rimot yake amsawa, kuma yadda aka koya masa tafiya haka zai riƙe. Malam ya koya masa abu guda. Kullum bayan la'asar yakan zuba gahawa a finjali, ya ɗora a kan tarago, ya danna. Jirgin ya tashi a hankali, ya zagaya tuddai, ya tsaya da kansa a tashar da ke gaban kujerata. Ko ɗigo ba ya zuba. Ni kuwa kullum sai na ce, "Malam, da ka miƙo mini da hannu da yanzu na shanye." Shi kuma ya ce, "Hajiya, fasinja ba ya yi wa direba faɗa."

Bayan rasuwarsa jirgin ya ƙi tashi. Fitila ta yi ƙyaf, ya yi ɗan gurnani, shi ke nan. Ɗana ya kai shi wani shago a arewacin gari, suka ce ƙwaƙwalwar ce ta rikice, a goge ta ta koma yadda ta fito daga masana'anta. Na tambaya, in an goge zai tuna tafiyar gahawa? Suka ce a'a, komai zai manta, har lambarsa. Na ce a dawo mini da abuna. To akwai wani Baturen Ailan ɗin a Yanbu, abokin Malam a wannan harka, wanda ya bugo ya yi mana ta'aziyya. Ya ce a kawo ya duba kafin ya tattara ya koma ƙasarsu, don aikinsa ya ƙare. Na yi wa ɗana alkawari, in shi ma ya ce a goge, zan yarda.

Titin cikin gari babu kowa sai masu shara da tireloli da ke fitowa daga tashar jiragen ruwa. Na kalli ƙofar da Malam ke shiga. Sun sake mata fenti. Na yi kuka kaɗan, 'yata ta miƙo mini tishu. Mun saba.

Da muka wuce Zahaban muka tsaya karin kumallo a wani gidan mai. Tamis mai zafi, burodin nan na tanderu, da ful, wato dafaffen wake, da shayin Adani mai madara. Tamis ɗin ya ƙanƙance, kuɗinsa bai ƙanƙance ba. Ɗan Afganin da ke gasawa ya ga ina rungume da kwali, ya tambayi ɗana ko mage ce. Ɗana ya ce, "Da mage ce ai da sauƙi." Da muka koma mota ɗana ya sake ɗauko zancen, yana kirana Yumma yadda 'ya'yan Jidda ke kiran uwa.

"Yumma, wallahi abin ba ya ɗaukar lokaci. A goge, khalas, shi ke nan, ya tashi. Duk wannan tafiyar fa?"

"Kai ne za ka koya masa kawo gahawa?"

"Sai in miƙo miki da hannu."

"Haka na riƙa ce wa ubanka. Ja mota."

Hanyar miƙaƙƙiya ce, mai faɗi, babu rami ko ɗaya. Hagu teku, yana bayyana yana ɓacewa. Dama fili fetal, sai raƙuma a bayan waya da duwatsu can nesa. A shingen bincike ɗan sanda ya karɓi iƙama, katin zamanmu a ƙasar, ya leƙo ya ce me ke cikin kwalin. Na buɗe masa gefen rawani. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Na jika ne, ya Hajja?" Na ce na mijina ne. Ya ce Allah ya ja kwanansa. Ban gyara masa ba, ɗana ya ja muka wuce.

Kafin Rabig muka hangi jirgin Makka da Madina, fari, dogo. Kafin in ce wa 'yata duba, ya ɓace. Malam ya taɓa hawansa sau ɗaya, ya dawo yana ƙorafi. Ya ce wannan ba jirgi ba ne, allura ce, mutum bai ga komai ba an ce ya sauka.

Yanbu tun daga nesa ake ganinta. Dogayen bututu, wuta na ci a kansu da rana tsaka, tankuna farare jere kamar tukwanen biki. Unguwar ma'aikata kuwa tsaf, bishiyoyi a layi, babu yaro ko ɗaya a titi. Na ce wa 'yata garin nan ko kaza ba ta cara a cikinsa.

Baturen dattijo ne, jajir, gashin kansa ya tafi, rana ta dafa masa wuya. Larabcinsa irin na direbobi ne, inda ya maƙale sai 'yata ta kama masa da Turanci. Ya dafa ƙirji ya ce, "Ahlan, ya Hajja. Malam mutumin kirki ne." Rabin gidan kwalaye ne an ɗaure, amma dogonsa yana nan a falo bai kwance ba. Ya kawo mana baƙin shayi da madara mai sanyi. Na sha don ladabi.

Da ya warware rawanin sai ya ɗaga jirgin a tafin hannu kamar mai awon zinariya. Ya ce mu ji nauyi. Mai kyau ke nan, in ji shi, ƙarfe ne a cikinsa, kuma duk ƙafafunsa suna shan wuta daga dogo. Ya nuna mana 'yan sandunan riƙo na gefe, sirara kamar gashi, da ɗan direba a zaune a ciki, wanda ni duk zaman nan ban taɓa lura da shi ba. Ya ce da can ba a ƙera ƙananan jirage irin na Ailan, sai dai su sayi na Ingila su shafa musu fenti, su yi kamar ba su gani ba. Yanzu ana yi musu daidai, har ƙarar injin. Amma duk da haka dogon ya fi na gaske matsewa, su kuma ba su daina mita a kan hakan ba. Na ce ashe ƙorafin Malam gado ne daga wurinku. Ya yi dariya har ya yi tari.

Ya ɗora jirgin a dogonsa. Ɗana ya faɗa masa lambar, ya danna. Fitila ta yi ƙyaf, gurnani, shiru. Ɗana ya kalle ni. Ni kuma na kalli bango.

Baturen bai ce a goge ba. Ya kifa jirgin a kan soso, ya sa tabarau, ya duba ƙafafun. Sai ya kai shi hanci ya shinshina. Ya jiƙa tsinken goge kunne da wani ruwa mai warin asibiti, ya murza a ƙafa ɗaya. Audugar ta fito baƙa ƙirin, tana danƙo. Ya tambaya ko akwai mai shan taba a ɗakin. Ɗana ya ɓata rai, ya kare ubansa.

"Abuya bai taɓa riƙe sigari ba."

'Yata ce ta karɓi audugar ta shinshina. Ta dube ni ta ce, "Yumma. Bakhur."

Turaren wuta ne. Tun ranar da aka ɗauke Malam, kullum safe da yamma nakan hau da kasko in turara ɗakin, in rufe ƙofa da taga don ƙamshin ya zauna. Da hawi da sandal, mai kyau, wanda nake ɓoyo don Salla. Duk takabata haka na yi. Hayaƙin yana da maiƙo, ya kwanta a kan dogo da ƙafafun jirgi, wuta ta kasa wucewa. Ƙwaƙwalwar lafiyarta lau.

Na ce amma Malam ya hana turare a ɗakin ne saboda ƙirjinsa. Da ya tafi sai na ce to yanzu babu ƙirjin da zai dame shi, bari ɗakinsa ya yi ƙamshi. 'Yata ta fassara. Baturen ya cire tabarau, sannan ya ce Malam ya taɓa ba shi labarin. Wai ya ce, in na gaya wa Hajiya saboda jirgi ne, sai ta turara har cikin injin don ta ba ni haushi, gara in ce ƙirji.

Ɗana ya fashe da dariya. Ni ma na yi, sannan ta juye ta zama kuka, irin wanda ba a iya rufe baki. Babu wanda ya ce in yi haƙuri. Baturen ya ci gaba da goge ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, kansa a sunkuye, har na gama.

Da ya mayar da shi dogo ya danna, sai na ji ƙarar nan. Injin ya yi tari, ya kama, ya yi usur sau biyu gajeru. Sannan ya motsa, a hankali ƙwarai, sai ka zuba ido ka tabbatar yana tafiya. Baturen ya haɗa shi da wata na'ura ya karanta abin da ke cikin ƙwaƙwalwar. Ya ce bai taɓa ganin wanda ya jinkirta tashin jirgi haka ba, me ya sa? 'Yata ta ba shi labarin finjali. Ya ce shi ya sa Malam ya taɓa tambayarsa yadda ake ɗaga gada, ashe don finjali ya samu wucewa ta ƙarƙashinta ne. Ya juya ga ɗana ya ce, "Kada ka bari kowa ya goge wannan." Ɗana ya ce, "Abadan." Kamar ba shi ba.

Ya ba mu kwalbar ruwan gogewa da wani ɗan dutse mai laushi na goge dogo. Ya ƙi karɓar komai. Na bar masa dabinon da na taho da shi, da ragowar turaren da ke jakata. Na ce ya kai wa matarsa, amma ban da falo.

A hanyar dawowa muka tsaya Mastura cin kifi. Kai za ka zaɓa a cikin ƙanƙara, a soya maka, a kawo da shinkafa ja mai albasa, a zauna a ƙasa. Ƙuda sun fi masu ci yawa. Kifin kuwa sai dai a ce masha Allah. Tun rasuwar Malam ban cinye abin da aka sa mini ba sai ranar. Daga nan barci ya ɗauke ni, ban farka ba sai da na ji hon ɗin Jidda da warin tashar jiragen ruwa.

Washegari ɗana ya hau sama da kwalbar, ya bi dogon nan taku-taku, yana gogewa yana mita, tsumma bayan tsumma duk baƙi. 'Yata ta ɗiga jan farce a kan maɓallin da zan danna, don ba na karanta lamba. Kaskon turare na sauko da shi, yanzu a ƙasan matakala yake.

Abin da na samo a tafiyar nan kaɗan ne. Na san hanyar Yanbu, na san kifin Mastura. Na san cewa mutumin da na zauna da shi tun ina yarinya ya yi mini ƙarya guda, kuma ƙirjinsa lafiya lau yake har ranar da zuciya ta tsaya. Na kuma san abin da na yi don kewarsa shi ne ya tsayar masa da jirgi. Ban daina kuka ba, kada ku yi zaton haka.

Jiya bayan la'asar na hau ni kaɗai. Na zuba gahawa, na ɗora finjali a tarago, na tsaya a wurin da Malam ke tsayawa na danna jan maɓalli. Usur biyu. Kun san gwiwoyina, daga can zuwa kujerata sai na dafa bango. Na lallaba, na zauna, na gyara mayafi. Ina ɗaga kai, jirgin bai ma gama zagaya tudu ba. Na jira shi. Ya iso, ya tsaya a gabana, bai zubar ba.