Sunayen da Douwe Ya Wanke

Yayana Wiebe ya yi shekara talatin da ɗaya yana tuƙa bas tsakanin birnin Leeuwarden da ƙauyukanmu, bai taɓa ɗaga wa fasinja murya ba. In ya tashi aiki, sai ɗakin gilashin da ke bayan gidansa, inda ya tara kaktus tukunya ɗari uku, 'yan dunƙule-dunƙulen nan masu ƙaya da ni a idona duk uwarsu ɗaya. Kowace tukunya da 'yar sandar roba soke a ciki, ya rubuta sunan irin da fensir, don tawada rana ke cinye ta.

Da aka kwantar da shi asibiti za a yi masa aikin ƙugu, sai ɗansa Douwe ya zo wai taimako. Ƙato ɗan shekara arba'in da biyar, ma'aikacin ofis. Ya ga sandunan sun yi kore da gansakuka, ya tsige su kaf, ya zuba a bokiti, ya bi su da soso da sabulu. Na tarar da su shanye a kan tawul, farare tas.

Na ce, "Douwe, me zan gani haka?"

"Tsafta, Gwaggo. Ai yanzu waya na gane kowace shuka."

Ya haska wa guda wayar. Ta ce masa kaktus ne. Wallahi ba don ɗan yayana ba ne, da bokitin zan kifa masa a ka.

Ƙungiyar masu kaktus ta lardinmu ta yi alkawarin karɓar tarin in Wiebe ya gaza, amma su marar suna ko kyauta ba sa ɗauka. Irin waɗannan kuwa sai sun yi fure ake tantance su, wasu sai su shekara uku ba su yi ba. Ga shi likita ya riga ya gaya wa Wiebe idonsa na tafiya.

Da Wiebe ya dawo daga asibiti, ko faɗa bai yi wa ɗansa ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ya feƙe fensir. Ya hana kaktus ɗin ruwa duk sanyin hunturu kamar yadda ya saba, da bazara ya kafa kujera a cikinsu. Fure na buɗewa sai ya duba ko daga ka ya fito ko daga gefe, ko gindinsa na da gashi, ya rubuta. Bazara biyu, ya dawo da suna ɗari biyu da sittin.

A ta uku ni ce idonsa.

"Tjitske, wane launi?"

"Ja, Yaya."

"Wane irin ja? Na bulo ko na jan kabeji?"

Na ƙura ido har ya yi ruwa. "Ja dai."

Ya sa fensirin a aljihu. Haushin kaina ya kama ni, na Douwe ya ninka.

Da kaka 'yan ƙungiya suka zo da mota, suka kwashe masu suna, suka bar arba'in. Douwe ya ce zai kai su ofis a jera a taga, don kada su tashi a banza. Ina tsaye yana loda su a bayan motarsa, fararen sandunan na rawa. Har ya tayar da mota, sai ya leƙo.

"Baba, sau nawa ake ba su ruwa?"

Wiebe na dafe da ƙofa, yana kallon inda muryar ta fito.

"Ya danganta da wane iri ne," in ji shi.