Dawar da Jikata Take Kaiwa Makaranta

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya sanar da ɗan Adam abin da bai sani ba, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu da alayensa da sahabbansa.

A shekarar da ɗana ya kawo mini 'yarsa daga Bungudu domin ta fara karatu a Gusau, na lura da wani abu da bai kwanta mini ba. Kowace Litinin sai matata ta ƙulla wa yarinyar dawa cikin tsumma, wai malamarsu ce ta ce a riƙa kawowa, da ita ake koyon baƙi. Ni kuwa da allo da tawada na yi karatu, da su kuma na karantar shekaru masu yawa, ban taɓa jin inda hatsi ya shiga karatu ba. Zuciyata ta raya mini cewa tukunyar malamar ce yaran suke cikawa. Na ƙudura cewa in haka ne, a ranar zan cire yarinyar, ko da za ta kwana tana kuka, domin tana son wurin ƙwarai.

Na tafi makarantar da hantsi ban sanar da kowa ba. Na tarar da yara a kan tabarma, kowa da takarda an zana masa harafin jim babba, suna shafa ƙaro a kan zanen suna jera ƙwayoyin dawa. Malamar, wata baiwar Allah mutuniyar Tsafe, ta durƙusa ta gaishe ni.

Na ce, "Malama, ina ragowar dawar take zuwa?"

Ta yi murmushi. "Baba, wannan ko kunun jariri ba za ta yi ba. Rabinta ma a bakinsu take ƙarewa."

Ban yi dariya ba. Na ce, "Takardun fa? Baƙin Alƙur'ani ne a kansu."

Ta ce mai shara ke kwashewa. Wannan ya fi abin da na zo da shi nauyi.

Na kira jikata, na rubuta mata jim da ha da kha a jere da hannuna, na ce ta nuna mini nata. Ta ɗora yatsa mai danƙo a kan jim ba tare da jinkiri ba.

"Ga shi, Alhaji. Shi ne ya haɗiye ƙwaya ɗaya."

Na sha ganin yaran da suka yi wata guda kafin su rabe waɗannan ukun. Ita sati ɗaya ta yi a kansu.

Ban cire ta ba, amma na kafa sharaɗi: takardar kowane yaro ta bi shi gida, kada ko ɗaya ta shiga shara. Malamar ta amsa. Tamu takan iso hannuna, in ɓamɓare dawar in watsa wa kaji, takardar kuma in adana ta cikin gafaka tare da littattafaina.

Sai dai da zan fita ran nan na hango wani kwando a bayan ƙofa an rufe shi da faifai. Ban tambaya ba, har yau kuma ban san abin da ke ciki ba. Ina neman gafarar Allah a kan zato, amma na umarci matata ta rage ƙullin.

Allah Ya buɗe ƙirazan 'ya'yanmu ga karatu, Ya sanya albarka ga mai karanta wannan, da iyalinsa, da abincin gidansa. Amin.