Direban da Ya Ja Baya da Mai Naƙuda

Ina shanyar shinkafa a gidana a Kalgo, da hantsin Laraba, aka bugo mini waya daga Gwandu cewa Allah ya yi wa Baba Ummaru Direba rasuwa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na bar shanyar na zauna a kan turmi.

Ni ungozoma ce, kuma shekara da shekaru shi ne direban motar asibitinmu, a-kori-kura mai giyar ƙafa huɗu, wadda ake sawa idan an shiga yashi ko laka. Mutum ne mai sanyin magana da taurin kai. Ko wa ya ɗauko, ba ya hawa kwalta da wannan giya. Da mun fito daga daji sai ya tsaya cak a bakin titi ya cire ta. Mukan tsokane shi cewa camfi ne. Shi kuwa yakan ce, "Cikin yashi taya na zamewa ta huta. Bisa busasshiyar kwalta, ƙafafun gaba da na baya kokawa sukai, cikin mota ka shan wuya."

Ban san nauyin maganar ba sai wata damina, ranar da muka ɗauko Hajjo, matar wani makiyayi, daga rugar bayan Ceberu. Naƙuda ta yi tsanani, jini na zuba, ina riƙe da ita a baya. Muka iso bakin titi, giyar ta cije ta ƙi fita. Sai na ji mota tana komawa da baya.

Na doki gilashi na ce, "Baba, ka haukace ne? Asibiti na gaba!" Na ƙara da maganganun da har yau nake jin kunyarsu.

Ya ce, "Ɗiyata, in farfelar da ka juya tayu ta tsinke bisa titin ga, ke za ki goya ta har Gwandu? Ba ni taki goma."

Ya ja baya a hankali, giyar ta saki. Daga nan ya yi gudun da ban taɓa ganin ya yi ba. Hajjo ta rayu, ta haifi ɗiya mace. Da na je ba shi haƙuri sai ya yi dariya ya ce, "Ba ke kika yi magana ba, tsoro ne."

'Yar'uwar motar, da aka ba wani asibiti rana ɗaya da tamu, direbanta ya mai da giyar abin taƙama a kan titi. Ba ta daɗe ba giyabos ya farfashe, ta zama inuwar awaki. Ta Baba kuwa da ƙafarta ya miƙa ta ranar da ya ajiye aiki. Wallahi ina alfahari da na yi aiki da shi.

A wurin zaman makoki na tarar da Hajjo, ta tsufa, ga ɗiyar tata a gefe da goyo a baya. Ta nuna su ta ce wa mata, "Mu uku ya ɗauko ran nan, bai sani ba."

Allah ya jiƙan Baba Ummaru, ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah ya ba matarsa Inna Asabe da 'ya'yansa haƙurin rashi, ya tsaya musu kamar yadda Baba ya tsaya wa bayin Allah. Mu kuma ya kyautata ƙarshenmu. Amin.