Komin Majok

Majok ɗan ƙabilar Dinka ne, Kirista, amma ya daɗe a unguwar Hausawan garin Gadarif har Hausa ta zauna a bakinsa. Shekarar da aka raba ƙasarsu biyu, Kudu ta ɓalle, matarsa Abuk ta kwashi yara ta yi Kudu tare da yawancin 'yan cocinsu. Shi ya ce zai bi su da zarar an gama yankan dawa a gonakin Gadambaliya. Ita kuwa dawa kowace shekara sai ta sake nuna. Yana ta "sai baɗi" har labarin rasuwar Abuk ya iso.

Duk Kirsimeti yakan kwaɓa baƙar ƙasa ya gina shanu masu dogayen ƙahoni da makiyaya a durƙushe, ya jera su kewaye da ɗan komin dabbobi. Komin kuwa wayam. Abuk ce ke gina jariri Yesu. Shi in ya gwada sai ya fito kamar maraƙi. Abin dariya ne, amma yana cin ransa. Gani yake Mai Ceto ya bi ayarin Kudu, ya bar shi yana durƙusa wa komi ba kowa.

Da yaƙi ya ci garin Madani, Majok ya ba wasu 'yan gudun hijira, Ummusalama da mijinta, rumfar bayan gidansa. A nan ta haihu. Ran jajiberin Kirsimetin bana, da hantsi, suka tashi komawa gida.

"Ammu Majok, riƙe mini yaron in ɗaure kaya," in ji ta, don ammu, wato baffa, take ce masa. Ta leƙa komin. "Ka tara shanu, ina Annabi Isa? Me ma ya kawo shi cikin dabbobi?"

"Ba su sami masauki ba, 'yata."

"Ya salam. Irinmu ke nan."

"Irinmu ya zo ceto," ya ce. Bai taɓa faɗin haka yana haɗawa da kansa ba.

Ya durƙusa da yaron a hannu don kada ya suɓuce. Ashe ya manta nauyin jariri, da yadda kai ke kwanciya a tafin hannu.

Mota ta tafi da su, gidan ya yi tsit. Majok ya jiƙa sauran ƙasar, ya hau gini tun ɗumin yaron bai bar hannunsa ba. Wannan karon mutum ya fito, da ƙaton kai. Ya kwantar da shi a komi, ya ɗauko waƙar haihuwar Yesu da Dinkanci. Duk inda Abuk ta saba amsawa, sai ya yi shiru ya jira.