Na'iya Mai Kibau

A Tambuwal masu suna Na'iya sun kai uku, amma in ka ce Mai Kibau, tsofaffi sun san wanda kake nufi. Ba maharbi ba ne, bai taɓa rataya kwari ba. Malamin lissafi ne na firamare, dogo, mai saurin tafiya, wanda alli ba ya rabuwa da aljihunsa.

Mahaifinsa, Malam Abdulkarimu, yana karantar da tauhidi da manɗiƙi, wato ilimin auna hujja, a zaurensa. Tun Na'iya bai san ɗaura wando ba yake jin ana bitar hukuncin hankali guda uku: wajibi, abin da hankali ba ya karɓar rashinsa, mustahili, abin da ba ya karɓar samuwarsa, da ja'izi, wanda ko ya kasance ko kada ya kasance. Da aka ɗauke shi boko, uban ya yarda bisa sharaɗin duk hutu zai dawo zaure. Ya yi makarantar Midil a Sakkwato, yana kan gaba a lissafi, sai ciwon ido ya kwantar da shi daidai lokacin jarrabawar wucewa. Haka ya ƙare a aikin malanta. Shekarar da aka sami mulkin kai yana koyarwa a Dogon Daji, shi da matarsa Hinde.

A 1964 aka tura shi kwas na mako shida a Zariya. Mai koyar da su lissafi wani mutumin Gabas ne, Mista Ezeani, haifaffen Gusau, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Ranar ƙarshe, da ya ga sauran lokaci, ya ce zai nuna musu wani sabon abu da ya gano a Turai, wanda ba ya cikin jarrabawa. Ya ɗiga ɗigo uku a allo, ya ja kibiya daga A zuwa B, wata daga B zuwa C.

"Kada ku tambayi abin da ke cikin ɗigon," in ji shi. "Ku dubi kiban da ke shiga da masu fita. In akwai waɗannan biyu, dole akwai ta uku daga A zuwa C."

Malamai suna ta duban ƙofa, hankali ya koma tasha. Na'iya ya ɗaga hannu.

"Malam, ai wanga ƙiyasi na. In A ta haifi B, B ta haifi C, to A ta haifi C. Ga zauren babana naj ji shi."

Ezeani ya ajiye alli, ya ce ya maimaita. Suka tsaya a gaban allon nan har aka zo rufe aji. Da za su rabu ya ba shi takardu shafi arba'in da ya buga da inji, ya rubuta masa adireshi a baya.

Aiki ya samu. Turancin takardun ba irin na Midil ba ne, kuma ba wanda zai tambaya daga Dogon Daji har Jega. Takardar rubutu ta yi ƙaranci, don haka bayan la'asar sai ya zauna gindin tsamiyar bayan makaranta, ya share ƙasa, ya yi ta zana ɗigo da kibau da tsinke. A nan sunan ya samo asali. Ba a jima ba wata tsohuwa ta zo ta durƙusa, ta ce ya duba mata inda akuyarta ta shiga. Ashe gari ya ɗauka bugun ƙasa yake yi. Hedimasta Sambo ya ja masa kunne, magana kuma ta kai Tambuwal, uban ya aiko ya zo.

"Na'iya, mi nika ji? Duba kaka yi wa mutane?"

"Wallahi, Baba, ba duba na ba. Manɗiƙi na, an dai yi mashi zane."

"To, zana in gani."

Na'iya ya ɗauko allo da tawada. Ya nuna masa yadda kibiya take zama hujja, sannan ya nuna masa abin da ya fi ba shi mamaki: in ka tabbatar da wata magana, ka juya kan kowace kibiya, sai wata maganar ta fito, ita ma tabbatacciya, ba tare da ka sake wahala ba. Hukuncin "wannan da wancan" in an juya shi sai ya zama hukuncin "wannan ko wancan". Tsohon ya kawo misali uku daga kansa, ya gwada, duk suka tsaya.

"Babu saɓo ciki," ya ce. "Ci gaba. Amma ka bar zanen ƙasa, kana da iyali."

Shekara ɗaya ta kai shi shafi na talatin da ɗaya, nan kuma ya cije. Wani gini ne wanda Ezeani ya ce ko sunansa bai zauna ba tukuna. Daga baya ne aka riƙa ce masa komonad. Kamar riga ce da ake sa wa abu, mai doka biyu: daga abu mai riga akwai kibiya zuwa abin tsurarsa, kuma daga mai riga ɗaya akwai kibiya zuwa mai riga biyu. Na'iya ya haddace dokokin, amma ya rasa abin da suke nufi a duniya. Sau uku yana aika bayaninsa Zariya, sau uku yana dawowa da jan biro. A na ukun Ezeani ya rubuta cewa masu digiri ma suna tsallake shafin, ba laifi in ya wuce. Na'iya ya ce ba ya wucewa. Wata takwas yana kansa.

Ran nan da hantsi, cikin hutu, yana zaune a zauren uban, wani dattijo cikin masu ɗaukar karatu ya yi tambaya.

"Allah gafarta Malam, abin da ad wajibi, shin zamansa wajibi shi ma wajibi na?"

"Ƙwarai," in ji Malam Abdulkarimu. "Wajibi tabbatacce na, kuma wajabcinsa wajibi na."

Na'iya ya miƙe tsaye bai sani ba. Ga dokokin nan biyu, a bakin ubansa. Rigar ita ce kalmar "wajibi". In magana wajibi ce, to gaskiya ce: an tuɓe riga. In wajibi ce, wajibi ne ta zama wajibi: an ninka riga. Ya fita ba takalmi, ya juya kiban a ransa, sai ga hukuncin mai yiwuwa, wato duk abin da ba mustahili ba: abin da ya tabbata mai yiwuwa ne, yiwuwar yiwuwa kuma yiwuwa ce. Ya cika shafi tara ya aika.

Amsa ta zo ba jan biro ko ɗaya. Ezeani ya ce daidai ne daga farko har ƙarshe. Amma ya gaya masa gaskiya: masana manɗiƙi sun daɗe da sanin waɗannan dokoki na wajibi, ba sabon abu ya gano ba. Ya ƙara da labarin wata na'ura a Ibadan mai karanta umarni daga kati, ya ce yana zaton wata rana da irin waɗannan kibau za a riƙa auna ko umarnin da aka ba na'ura daidai ne.

Na'iya bai ga wannan ƙarin ba, "ba sabon abu ba" kawai ya gani. Kwana biyu yana tura kwano baya. Hinde ta gaji.

"Malam, wanda yag gina rijiya da hannunai yat tad da ruwa, don an ce wasu sun riga shi sha ga wani gari, sai shi ce ruwan ba nashi na ba? Ci tuwonka."

Ya ci, ya buɗe shafi na talatin da biyu.

Sai 1966 ta zo da abin da ta zo da shi. Aka yi ta kashe mutanen Gabas a garuruwan Arewa, wasiƙa ta ɗauke. Da aka ba da hutu Na'iya ya hau babbar mota zuwa Sakkwato, daga nan Gusau, ya shiga jirgin ƙasa zuwa Zariya. Ya tarar da gidan Ezeani tagogi a farfashe, ciyawa ta kai gwiwa. Maigadi ya ce ya dai ga an sa shi a jirgi da matarsa da 'ya'yansa, bayan haka Allah masani. A laburaren kwalejin da suka yi kwas, akawu ya nuna masa wani kwali na rubuce-rubucen Ezeani da ba a san yadda za a yi da su ba. Ya roƙa a ba shi, aka ce doka ta hana. Sai ya sayi littattafan rubutu, ya zauna kwana tara yana kwafa, tun buɗe ƙofa har rufewa, har idon nan nasa ya soma ruwa.

Aka raba Jihar Arewa, aka mai da shi Kebbe, yaƙi ya ɓarke. Mahaifinsa ya rasu a shekara ta biyu ta yaƙin. Kowane zangon karatu Na'iya yana rubuta wasiƙa ɗaya zuwa duk adireshin da ya ji an ambata a Gabas. Ranar Asabar kuma yana tara malaman Kebbe su biyar yana koya musu kibau da Hausa; uku suka gudu, biyu suka tsaya.

A 1971 amsa ta zo. Ezeani yana da rai. Ya rasa ɗiya ɗaya, littattafansa duk sun ƙone, yana koyarwa a ajin da ba rufi, daga abin da ya rage a kansa. Bai roƙi kome ba. Na'iya ya karanta wa Hinde, ya ɗauko abin da ya kwafo a Zariya, ya sake kwafa shi kaf, shafi ɗari biyu da wani abu, cikin rani guda, ya aika.

Ba su ƙara ganin juna ba. Sun yi shekara tara suna rubutu, wani lokaci tambaya ɗaya ta ci musu wasiƙa huɗu, kuma akwai wadda ba su taɓa warwarewa ba. Wasiƙar ƙarshe matar Ezeani ce ta amsa, ta ce maigidanta ya rasu da damina.

Na'iya ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ya zauna. Maƙwabta suka tambayi wa ya rasu, ya ce malaminsa. Mutanen Kebbe suka riƙa zuwa kwana uku, har da liman, suna yi masa gaisuwar mutumin da ba su taɓa gani ba, wasunsu ma ba su iya faɗin sunansa ba. Rana ta huɗu ya naɗe tabarma, ya koma aji.